Raƙuman da Aka Kora daga Gonata

Alhaji Tukur, ɗan ƙanen mahaifina, shi ne ya sa aka kori Husaini da raƙumansa daga gonata a ranin da ya wuce. Sai da ya bari na tafi ta'aziyya Tofa, sannan ya kwaso 'yan sintirin garinmu da wasu masu kaki, suka tashe su da rana, wajen la'asar. Wai baƙin haure ne. Wai su ne suke saye hatsi suna tsallake iyaka da shi, shi ya sa kwanon gero ya gagari talaka. Ba zargi nake yi ba. Shi da bakinsa ya tsaya a dandali ya faɗa, aka tafa masa. Kansila yake nema.

Sunana Sale. A aji huɗu na firamare karatuna ya tsaya, saboda haka in rubutun ya karkace a yi haƙuri. Maganar dai a miƙe take.

Wanda bai san ƙasarmu ba zai ce mene ne abin zafi don an kori raƙuma. To, mu nan ƙasar Makoɗa gona ba ta hutawa. Ta wannan tana jingine da ta wancan, tsakaninsu sai ɗan layin gamba. Babu dajin da za ka sare ka yi sabuwa. Ƙasar da kakana ya noma ita nake nomawa, kuma ta gaji. In ba ka ba ta taki ba, ba abin da za ta ba ka sai ƙuduji, ciyawar nan mai jan fure da take tsotse gero tun daga saiwa. Takin zamani kuwa, yanzu sai dai mu gan shi a bayan motar wasu.

Abin da ya riƙe gonarmu tun ina yaro shi ne Buzaye masu raƙuma da suke saukowa daga arewa bayan girbi. Sai su kafa bukka a tsakiyar gona. Raƙuma da awaki su ci kara da karmami da 'ya'yan gawo, su kwana a nan, su bar mana kashi da fitsari. In wuri ya ƙoshi, sai a matsar da makwancin gaba, a haka a haka har a zagaye gonar kaf kafin ruwa ya sauka. Namu kuma shi ne tuwon yamma, da ruwan rijiya, da damin gero ranar da za su koma. Ba takarda, ba shaida. Agali, mahaifin Husaini, shi ya fara da Babana. Da suka rasu Husaini ya gada, ni ma na gada.

Bana ɗan gefen gabas kawai suka rufe aka tashe su.

Yanzu ga mu a tsakiyar damina, kuma ruwa bai yi mana rowa ba, har marka aka yi. Amma ka zo ka tsaya a bakin gonata, za ka rantse da igiya aka raba ta. Inda raƙuma suka kwana gero ya yi baƙi ƙirin, ya fi ni tsayi. Sauran kuwa ga shi nan siriri kamar tsintsiya, ganye rawaya, bai kai mini ƙugu ba, ƙuduji ya cika kunyoyi yana fure abinsa. Kullum da safe sai na je na tsaya na kalla, kamar kallon zai ƙara masa wani abu.

In na dawo gida kuma Hansai, matata, tana jira da nata.

"Malam, ka san yanzu sabulu gida uku nake yanka shi? Magi kuwa sai dai in nuna wa miya shi daga nesa."

"To ki riƙa matso da shi kusa, ta ji ƙanshi."

"Ka yi wasa. Man gyaɗa ma a murfin kwalba ake auna mini. Shinkafa dai na ce wa yara su riƙa tuna kamanninta, kada su manta."

A teburin mai shayi kowa ya zama masanin tattalin arziki. Wannan ya ce janye tallafin mai ne. Wancan ya ce dala ce, shi da bai taɓa ganin dala da idonsa ba. Wani ya ce don an rufe iyaka ne, na kusa da shi ya ce a'a, don an buɗe ne, har su kusa kifar da butar shayi. Rediyo ma haka, a kawo mutum biyu su yi ta sa-in-sa har lokaci ya ƙare. Yaran Tukur kuma bakinsu ɗaya: baƙi ne suka cinye ƙasar. Ni dai shayina nake kurɓa. Ban san dala ba. Abin da na sani shi ne launin geron nan nawa, domin na taɓa ganin irinsa, shekaru kusan arba'in da suka wuce, kuma shi ne yake hana ni sukuni.

Shekarar nan ina saurayi, gemu bai fito ba amma ina riƙe fartanya kamar kowa. Bazara ta zo da zafin da ban sake jin irinsa ba. In ka taka ƙasa ba takalmi sai ka yi rawar da ba a koya maka ba. Kaji su laɓe a gindin rumbu baki buɗe, fikafikai a sake. Rijiyar unguwa ta yi ƙasa, aka ƙulla wa guga ƙarin igiya, aka sake ƙullawa, daga baya abin da yake fitowa rabi ruwa ne rabi laka. Da yamma hadari ya haɗo a gabas, baƙi, har ka ji ƙanshin ruwa a hanci, mata su fito da tukwane. Sai iska ta taso ta kwashe shi ta yi yamma da shi. Mu kwashe tukwanenmu mu koma ciki.

Da Baba ya gaji da jira sai ya ce a yi binne, wato a shuka a busasshiyar ƙasa ruwa ya tarar da iri a ciki. Yana gaba da sungumi yana sara, muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige, ƙasar tana ƙona mana tafin ƙafa. Sai aka yi abin da ya fi rashin ruwa muni: ɗan yayyafi. Ya isa ya tsirar da iri, bai isa ya raya shi ba. Gero ya fito kore shar, muka yi murna, rana ta bi shi ta dafa shi a tsaye. Muka sake shukawa. Ya sake ƙonewa. Ranar da Baba ya ɗauko ƙwaryar iri a karo na uku, Inna ta tare ƙofa.

"Malam, abin nan da kake zubawa a ƙasa tuwon yara ne."

"In ban zuba ba, baɗi me za ki tuƙa?"

"Sai mun kai baɗin."

Ya ratse ta gefenta ya fita, muka bi shi.

An fita roƙon ruwa filin idi, tsofaffi da yara da kowa, riguna a juye, Liman yana addu'a muna cewa amin. Ruwa ya zo, amma a makare. Muka yi noman farko da gudu. Da lokacin maimai ya yi, Baba ya kira gayya kamar yadda aka saba, domin gonar ta fi ƙarfin hannunmu. Gayya a garinmu da ganga ake yi, da fura ƙwarya-ƙwarya, da tuwo da azahar. Wannan karon ba ganga, kuma kowa ya san babu furar. Duk da haka mutane suka zo. Suka jeru suka kama kunya, ba waƙa, sai ƙarar fartanya da numfashi. Da rana ta kusa tsaka sai na ga suna sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce akuyarsa ta tsinke, wancan ya ce an aiko yana da baƙo. Kafin lokacin cin abinci ba kowa a gonar sai mu, aikin kuma an gama. Sai da na girma na gane don kada Baba ya ji kunyar rashin abin da zai ajiye musu ne.

Gero yana cikin bununi ruwa ya ɗauke. Ganye ya koma rawaya, irin wannan da nake gani yau. Zangarniya ta fito, ka murza a hannu ba ido sai ƙaiƙayi. Abin da muka ɗaure da kaka bai rufe gindin rumbu ba.

Baffa Ado, ƙanen Baba, ya ga ba zama, ya tafi kudu cin rani. Ya bar matarsa a gidanmu da ɗansu ƙarami, wanda bai daɗe da fara wayo ba. Tukur ke nan.

Zan faɗi yadda gidanmu ya koma, daki-daki, domin yaran yanzu suna jin an ce yunwa su ɗauka rashin shinkafa ne. Da asuba bayan salla Baba zai hau rumbu da kansa, ya fito da 'yan zangarniyoyi a hannu ɗaya. Inna ta sussuka, ta sheƙe, ta bi ƙasa tana tsince ƙwayar da ta faɗi kafin kaji su riga ta. Ta daina surfe, domin dusar ma abinci ce. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini. Daga nan ya koma kunu. Daga nan kunun ya tsinke har kana ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Busasshiyar tafasa da ramar da mata suka shanya da damina su suka zama abin cika ciki, a dafa a zuba ɗan gishiri, in an sami ƙuli an yi salla. Mu kuma mu bazu neman goruba da aduwa da magarya, mu gwaguya har dasashi ya yi jini. A shekarar na fara ganin garin rogo na kudu. Ka jiƙa ɗan kaɗan ya kumbura ya cika kwano, ka sha ka ji kamar ka ƙoshi, kafin ka kai bakin gona ya gudu ya bar ka.

Yunwa in ta daɗe ba a ciki take zama ba. A gwiwa take zama. Ka miƙe tsaye ka ga duhu. Abu kaɗan ya ba ka haushi, ka zagi ɗan'uwanka a kan ba komai. Amma abin da na fi tunawa shi ne shirun. Garin da kake farkawa da ƙarar taɓarya ta kowane gida, wata tana amsa wa wata, sai ya zama ka kasa kunne da hantsi ba ka jin daka ko ɗaya. In ka ji turmi ya yi ƙara a wani gida, sai ka ga mutane suna waiwaye.

Akwai rediyo guda a unguwarmu, a zauren mai unguwa. A nan muka ji an rufe iyaka, ana ta kwashe baƙi a birane ana mayar da su ƙasashensu, wai su ne suka tsotse arzikin ƙasa. Masu dawowa daga Kano suna ba da labarin layin sabulu da na madara. Wallahi maganar da ake yi yau ita aka yi a lokacin. Masu yin ta ne kawai suka sauya.

Saboda haka ba mu sa ran ganin Agali ba. Sai ga shi wata rana da la'asar, ta daji, ba ta hanya ba. Raƙuman da muka saba gani garke guda sun koma 'yan kaɗan, haƙarƙari a waje, tozo ya kwanta. Fari ya fi cin su a can fiye da mu. Baba ya ce in biyo shi, muka tare su a bakin gona tun ba su sauke kaya ba. Bayan gaisuwa Baba ya sunkuyar da kai.

"Agali, ba zan ɓoye maka ba. Bana ba ni da tuwon da zan aiko muku, ba ni da damin sallama. Ka gwada gaba, wajen masu fadama, ko Allah zai sa a dace."

Agali dogo ne, fuska a rufe da rawani sai ido. Hausarsa a karye take, amma ba ta taɓa ɓatar da kowa ba. Ya dubi gonar ya daɗe.

"Malam Idi, kara akwai?"

"Akwai ɗan abin da ya tsaya."

"Gawon can ya yi 'ya'ya?"

"Ya yi."

"Rijiya fa?"

"Laka ce, amma ana tacewa."

"To me ka ce babu?"

Ya ja akala, raƙumin gaba ya durƙusa. Shi ke nan maganar ta ƙare.

Ranin nan tare muka ci shi. Husaini sa'ana ne, a nan muka saba. Aikin farko shi ne yasar rijiya. A ɗaura mana igiya a ƙugu a zura mu, mu cika guga da laka, raƙumi ya ja daga sama. Can ƙasa akwai sanyi da duhu da warin tsohon ruwa, in ka ɗaga kai sama ta koma kamar faifai. In na gaji na jingina da bango sai Husaini ya ce, "Kai Bahaushe, in ba tuwo ƙafarka ba ta san aikinta ba." Ni kuma in ce, "Kai fa? In ba shayi idonka ba ya buɗewa." Mu yi dariya, dariyar ta yi ta yawo a cikin rijiya. Da muka kai ga ido, ruwa ya ɓuɓɓugo mai sanyi a tsakanin yatsun ƙafarmu, unguwa gaba ɗaya ta sha.

Da hantsi mu tafi gindin gawo da doguwar gora muna kaɗo 'ya'ya, awaki suna rububi. In makwanci ya ƙoshi mu tuge turaku mu matsa gaba, mu share wurin bukka mu sake kafawa. Inda dabba ba ta kai ba, mu kwashi taki a kwando mu kai a ka, domin jakinmu tuni an sayar. Kashin raƙumi ƙanana ne kamar dabino, in ya bushe ba ya wari, sai dai fitsarin, wanda in rana ta buga shi har ido yake yi wa yaji. Ni dai ban taɓa ƙyamar warin nan ba. Warin tuwon baɗi ne.

A cikin raƙuman akwai taguwa guda da ba ta ƙafe ba. Kullum da safe matar Agali za ta aiko da nono rabin ƙwarya, alhali su ma ba ƙoshi suke ba. Nonon raƙumi tsinkakke ne, da ɗan gishiri-gishiri, ranar farko sai ya wanke maka ciki. Ba mu manya ake ba ba. Na Tukur ne. A lokacin gashin kansa ya yi ja, ƙafafu sun kumbura, in ka danna yatsa sai wurin ya lotsa ya zauna. Ya daina kuka ma, sai dai ya bi ka da ido. Uwarsa ta riga ta saduda. Inna ce take ɗora shi a cinya tana ɗura masa da ludayi, kaɗan-kaɗan, yana tofarwa tana mayarwa. Aka yi ta yi. Wata safiya sai ga shi ya fizge ludayin kunu daga hannun ƙanwata, har ya kai mata duka. Inna ta tafa hannu ta ce, "Alhamdu lillahi, ya fara rashin kunya. Wannan zai rayu."

Ana cikin haka wani ma'aikaci ya zo a kan babur, da kaki da hula, ya sauka a ƙofar mai unguwa. Ina wurin, na kawo ruwa. Ya ce an aiko shi ya bincika ko akwai baƙi 'yan wata ƙasa a garin. Mai unguwa na lokacin tsoho ne mai raha. Ya ce, "Baƙi? Ranka ya daɗe, wa zai yi baƙunta garin da ba a daka?"

Mutumin ya nuna gonarmu da baki. Ga raƙuma can tsaye, ko makaho ya san da su.

"Waɗancan fa?"

"Au, wannan ai Agali ne."

Ma'aikacin ya dube shi, ya dubi raƙuman, ya shanye ruwansa. Ya ce Allah ya kawo mana damina mai albarka, ya tayar da babur.

Da bazara ta juyo, hadari ya fara leƙowa, suka ɗaure kaya. Gonar ta rufu tun daga gamba har gamba. Baba ya shiga ɗaki ya ɗauko rigarsa ta salla, ita kaɗai ta rage masa, ya miƙa wa Agali. Agali ya karɓa, ya warware, ya duba, ya ce ta yi masa gajarta, ya mayar masa a kafaɗa. Ƙarya yake yi, rigar har ƙasa take ja. Muka raka su har bayan gari, Baba bai iya cewa komai ba sai "Allah ya kai ku lafiya," yana ta maimaitawa.

Ba a jima ba ruwa ya sauka, na gaske, da tsawa. Muka fito tsakar gida muka tsaya a ciki, Inna tana kuka tana dariya. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya haɗu da na taki ya cika gari. Baba ya fasa tulun da ya liƙe da laka ya ɓoye iri a ciki, wanda ko Inna ba ta san inda yake ba. A shekarar gero ya yi baƙi, mutum ya shiga gonarmu a kan jaki ba a ganin hularsa. Na tuna tumun farko da muka gasa, da zafinsa muka murza muka watsa a baki, ya ƙona mana harshe ba mu damu ba. Da kaka kuwa, da aka ce ga raƙuma can sun ɓullo, Baba ya fita da gudu ba hula, dattijo da shi.

Wannan ita ce gonar da na dawo daga Tofa na tarar ba kowa. Duwatsun murhu suna nan da toka. Igiyoyin dabaibayi a yashe, an yanke su da wuƙa, ba a ba su lokacin kwancewa ba. Hansai ta ce tana cikin tuƙa tuwonsu ta ji hayaniya. Husaini ya roƙi a bar shi ya zo ƙofar gida, aka bar shi da ɗan sintiri a bayansa. Ya yi sallama daga waje, yanzu shi ma gemunsa ya yi fari kamar nawa. Ya ce, "A gaya wa Sale ba da son raina na bar aikin a rabi ba. A yafe mana." Ta ce tana tsaye da muciya a hannu ya juya ya tafi. Na kira wayarsa har na gaji, ba ta shiga. Da na san haka ne, da gaisuwa kawai zan yi a Tofa in juyo a ranar. Wannan tunanin shi yake cin raina in ina cire ƙuduji.

Na je wajen mai unguwa na yanzu, jikan wancan tsohon. Ya ce umarni ne daga sama, yana magana yana latsa waya.

Ba zan yi wa Tukur ƙarya ba, tsoro akwai shi. Muna jin labarin ɓarayin daji ta wajen Shanono, ni ma da kunne ɗaya nake barci. In an ga baƙuwar fuska dole a tambaya. Amma Husaini baƙuwar fuska ce? Shi da ɓarayin suka raba da raƙuma a hanya shekarun baya? Hatsin da ake cewa yana fita kuwa, a manyan motoci yake fita, ta kan kwalta, kowa yana gani. Abin da Husaini yake ɗorawa a raƙumi na bakin iyalinsa ne. Kuma tun da aka kore su kwanon gero bai sauko ba, hawa ya yi. Wanda ya cika ɗaki da buhuna tun kaka yana jiran su yi tsada, garin nan kowa ya san shi, kuma ba rawani yake rufe fuska da shi ba.

An tuna masa maganar nonon. Gwaggonmu ce ta faɗa masa a wajen wani suna, a gaban mutane. Dariya ya yi. Ya ce, "Gwaggo, ni ban tuna ba. Kuma wancan zamani daban. Yanzu ƙasa tana da doka." Tun daga ranar ban sake yi masa magana ba, in mun haɗu a masallaci in ba shi hannu in wuce.

Sai ranar Juma'ar nan da ta wuce. Bayan la'asar ina duƙe a gona, hannuna duk ƙasa, na ji mota ta tsaya. Ya fito da farar shadda yana ɗage ta kada ta taɓa laka. Direbansa ya sauke buhun takin zamani a kan gamba.

"Yaya Sale, sannu da aiki. Kai, gonar nan ta ji jiki bana."

"Ta ji."

"Ga wannan, cikin rabon da aka yi ne. Ni da kaina na ce a ware maka. Gero ya wuce, amma dawarka za ta amfana." Ya gyara hula. "Ranar Asabar muna da taro, ina so a gan ka a sahun gaba, kai ne babba a gidanmu. Abin da ya faru kuma ka bar shi ya wuce, Yaya. Wallahi don talaka na yi."

Na dubi buhun. Gaskiya ya faɗa, dawar tana da sauran kwana, in ta sami taki yanzu za ta yi wani abu. Na tuna Hansai da sabulunta gida uku. Na so a ce ina da halin da zan ce ya mayar da shi mota. Ba ni da shi. Na miƙe, na karkaɗe hannuna, na matso har ina jin ƙanshin turarensa.

Na ce, "Tukur, buhun zan ɗauka, domin ina da iyali, kuma ba daga aljihunka ya fito ba. Amma ba za ka ji na gode a bakina ba, kuma kada ka ajiye mini kujera ranar Asabar. Ka ce don talaka ka yi. To ga talakan a gabanka, ga gonarsa, buɗe ido ka duba da kyau. Saura magana ɗaya, gara ka ji daga gare ni. Ranar da na gama girbi zan hau mota in yi arewa. Zan tsallaka iyaka, in bi rijiya-rijiya ina tambaya har in sami Husaini, in durƙusa in ba shi haƙuri. Ba ni da takarda, ba kuma zan nema ba. In ya yarda ya dawo, ni zan riƙo akalar raƙumin gaba in shigo da shi garin nan da rana, ta ƙofar gidanka. Sai ka tara 'yan sintirinka. Amma ka gaya musu tun yanzu, wanda za su fara ɗaurewa yayanka ne."